Rami Biyu a Bayan Gida

A ƙauyukanmu yanzu, duk wanda Allah ya buɗa wa ya tashi gina gidan bulo, da wuya ya tsaya a kan tsohuwar shadda ta gargajiya. Sai ya sa tayil a banɗaki, ya kafa masai na zama ko na tsuguno mai korawa da ruwa, ya ɗora tankin roba a kan ƙarfe. Baƙi su zo su yaba fenti da silin. Amma abin da zai nuna ko gidan zai zaunu cikin daɗi, ko kuwa za a fara toshe hanci kafin damina biyu, yana binne a gindin katanga inda ba mai leƙawa. A Abuja akwai manyan bututun hukuma da ke kwashe ƙazantar wasu unguwanni zuwa matatar Wupa. A ƙauyukan Ringim ko Dutsin-Ma ko Madarunfa kuwa, abin da ya fita daga banɗaki a filin gidan zai ƙare. Akwai mutanen da suka san yadda za su sa ya ƙare a can lafiya, ba tare da ya zagayo ta rijiya ya koma cikin randa ba, kuma a ganina ba a ba gwanintarsu haƙƙinta ba.

Wani magini ne, wani mai haɗa famfo, wani ya haɗa duka biyun. Ana gane na ƙwarai tun ranar da aka kira shi duba wuri. Maigida yana ɗokin jin kuɗin aiki, shi kuwa yana zagaye gida hannu a baya. Sai ka ji ya ce, "Alhaji, ina rijiyarku take? Ta maƙwabta fa?" Ya tambayi inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, da tsayin gugan da ake zurawa da rani da wanda ake zurawa da damina. Ya tambayi yawan masu kwana a gidan, har da almajirai da baƙin Sallah, da kuma ko ruwan wanka da na wanki za a haɗa su da na masai. Ba zai ɗaga diga ba sai ya ji amsar waɗannan.

Abin da ya raba shi da ɗan koyo shi ne ya san aikin rami biyu ne, kuma halinsu ya saɓa. Na farko tanki ne, dole ya riƙe ruwa, ko ɗigo kada ya fita ta bango ko ta gindi. Na biyu, wato sokawe, aikinsa yoyo: an gina shi ne don ya saki ruwa cikin ƙasa sannu a hankali. Gidaje da yawa rami ɗaya kawai aka yi musu, aka zagaye da bulo aka rufe da kankare, ana so ya yi aikin biyun. Idan ya riƙe ruwa sai ya cika cikin 'yan watanni. Idan ya yi yoyo sai ɗanyar ƙazanta ta liƙe kofofin ƙasa, ya cika daga baya, bayan ya riga ya aika rabonsa cikin ruwan da ke ƙarƙashin unguwa.

Cikin tanki babu inji, babu lantarki, babu magani. Wanda ya taɓa ɗebo ruwan kogi mai laka ya zuba a randa ya bar shi ya kwana, ya ga rabin hikimar: mai nauyi ya kwanta a gindi, tarkace ya taso sama, tsakiya ya tsaya garau. Haka abin da ya shiga tanki yake rabuwa hawa uku. Laka a ƙasa, ɓawon kumfa da maiƙo a sama, ruwa mai ɗan dama-dama a tsakani. Ruwan tsakiyar nan kaɗai ake so ya wuce sokawe. Sauran rabin hikimar kuma na wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya masu rayuwa inda babu iskar shaƙa. Tare da bayan gidan suke shigowa, ba a sayo su. Su ne ke cinye lakar da ta kwanta, su mayar da kaso mai yawa ruwa da iska, shi ya sa tankin da mutum goma ke amfani da shi kullum yake ɗaukar shekaru bai cika da laka ba. Zafin ƙasarmu yana taimaka musu, domin sun fi kuzari a ɗumi fiye da sanyi.

Dabarar ba tsohuwa ba ce can. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, shi ya gina irin wannan tanki a gidansa da ke garin Vesoul wajen 1860, ya yi masa rajista a 1881. A 1895 Donald Cameron na birnin Exeter a Ingila ya fito da nasa samfurin. Daga wancan lokaci zuwa yau an sauya kayan gini, an kawo na roba, amma tsarin yana nan yadda yake.

Da yake rabuwar nan tana buƙatar natsuwa, duk awon tanki a kanta ya dogara. Ruwan da ya shiga yana buƙatar aƙalla kwana ɗaya cur kafin ya fita. Mu ɗauki gida mai mutum 15, a ce kowa yana aika lita 50 a rana: lita 750 ke nan. Littattafan injiniyoyi suna ƙiyasta wa kowane mutum laka kimanin lita 40 a shekara idan an haɗa da ruwan wanka, a inda ake tsarki da ruwa. Cikin shekara uku mutum 15 sun tara lita 1,800. Tankin da ruwansa ya kai zurfin mita 1.2, faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 2.5, yana cin lita 3,000, ya ishe su har da rara. Maginin ƙauye ba lallai ya yi wannan lissafi a takarda ba, da ƙafa da yawan bulo yake yinsa, amma ka auna aikin gwani za ka tarar bai yi nisa da haka ba. Yana sa tsawo ya ninka faɗi sau biyu zuwa uku, don tafiyar ruwa ta yi nisa daga mashiga zuwa mafita. Yana raba cikin gida biyu da bango, ɗakin farko ya ci kashi biyu cikin uku, ya bar kafa a tsakiyar tsayin bangon, daidai inda ruwan ya fi tsabta. Yana kuma barin sarari kamar ƙafa ɗaya tsakanin fuskar ruwa da murfi.

Wurin da na fi jinjina musu shi ne ɗan guntun bututun nan mai baki uku da ake ɗaurawa a mashiga da mafita. Kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba, kuma mai son kai yakan bar shi tunda ba wanda zai gani. A mashiga, yana karya ƙarfin ruwan da aka koro, ya nutsar da shi ƙarƙashin ɓawon sama, don kada kowace kora ta dama tankin. A mafita, ƙafarsa tana nutsewa cikin ruwan tsakiya, bakinsa na sama ya ɗara ɓawon tsayi, saboda haka maiƙo da kumfa ba su da hanyar fita. Sannan mafita tana zama ƙasa da mashiga da kamar inci uku, don kada ruwa ya koma cikin gida. Sokawe da yawa da suka mutu tun suna sababbi, rashin wannan ɗan bututu ne ajalinsu.

Tanki dai rage ƙazanta yake yi, ba ya kashe cuta. Ruwan da ya fito daga cikinsa yana ɗauke da ƙwayoyin amai da gudawa da na taifod idan akwai mai su a gidan. Ƙasa ce ke ƙarasa aikin. Yayin da ruwan ke tsiyaya ta cikin busasshiyar ƙasa mai iska a tsakanin ƙwayoyinta, ana tace shi, wasu halittun na cikin ƙasa suna cinye sauran dattin, ƙwayoyin cuta kuma suna mutuwa a hanya. Saboda haka gwanin sokawe, kafin komai, masanin ƙasa ne.

Yana damƙar ƙasar da aka haƙo ya jiƙa ta ya murza a tafin hannu. Idan ta wargaje, rairayi ne irin na jigawa: yana shan ruwa da sauri, wani lokaci da saurin da ya yi yawa, don ruwan kan wuce bai gama tacewa ba, ga shi bangon rami yana zabtarewa a kan mai haƙa. Idan ta miƙe ta yi igiya, yumɓu ne, ba ya sha sai da ƙyar. Baƙar lakar da ake samu a gabashin Borno, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, ita har bangon tanki takan matsa ta fasa. Marmara kuma tana da wayo: wata mai kofofi ce tana sha, wata ta daskare kamar dutse. A yankin Kano da Zariya mai haƙa kan ci karo da ruɓaɓɓen dutse ko fa, kuma tsagar dutse tana iya ɗaukar ruwa nesa ba tare da ta tace shi ba. Idan gwani yana shakka, sai ya yi gwaji. Ya haƙa ɗan rami faɗin ƙafa ɗaya a zurfin da sokawe zai tsaya, ya cika shi da ruwa ya bar shi ya kwana don ƙasar ta ƙoshi kamar yadda za ta ƙoshi da damina, washegari ya sake zubawa ya kafa sanda yana duba agogo. Wanda ya gwada a busasshiyar ƙasar watan Maris ba tare da jiƙon nan ba, ƙasar za ta yi masa ƙarya.

Daga abin da ya gani zai zaɓi siffa. Inda ruwan ƙasa yake da nisa kuma ƙasar tana sha, zagayayyen rami ya isa: bulo a jere da tazara tsakaninsu ba a cike da siminti ba, a bayansu a zuba tsakuwa ko fasasshen dutse, gindin a bar shi ba daɓe, sai sahun sama kaɗai a gina a liƙe don ya ɗauki murfi ya hana ruwan sama shiga. Inda ruwa yake kusa, kamar garuruwan fadamar Hadejia, zurfi shi ne abokin gaba. Ana so gindin sokawe ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina. Idan hakan ba zai samu ba, sai ya bar rami ya koma dogayen kwalbatoci marasa zurfi, ya shimfiɗa tsakuwa, ya kwantar da bututu mai huji-huji, ya rufe da ƙasa. Wani wurin ma sai an yi tudu da yashi an ɗora bututun a kai. Masu gida ba su cika son wannan ba, domin a tunaninmu rami mai zurfi shi ne aikin kirki, kuma maginin da ya ce a tsaya a ƙafa uku sai a ɗauka ƙyuya ce.

Maganar rijiya kuwa ba ta ciniki ba ce. Awon da ma'aikatan lafiya suka fi bayarwa shi ne mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, kuma sokawe ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A 1854, lokacin da kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki a wata unguwar Landan, likita John Snow ya bi sawun mace-macen har zuwa famfon titin Broad. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da tsohon ramin masai yana yoyo dab da rijiyar famfon. Mu ma ba labari muke ji ba: a 2021 an samu mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. An yi murna da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, kuma murnar ta cancanta. Sai dai kowane sabon masai sabon rami ne a kusa da wata rijiya. A ƙauyen da gidaje suka matsu, mita 30 ɗin nan takan faɗa cikin gidan maƙwabci, kuma a nan ne magini ke zama mai sulhu, ya sa a matsar da rami bayan garke, ko ya kira duba-gari ya raba gardama.

Sai bututun da ya taso daga banɗaki. Inci huɗu ake sawa, kuma gangararsa kamar kwatan inci ce a kowace ƙafa. Idan ya kwanta sosai, abin ya tsaya a hanya. Gwani yana ɗaure igiya, ya ɗora lebur, ko ya cika siririn tiyo da ruwa ya daidaita baki biyu, ya shimfiɗa yashi a ƙarƙashin bututun don kada ya lotsa bayan an mayar da ƙasa. Duk inda hanya ta karya kwana sai ya gina ƙaramar cemba mai murfi. Ya kuma tayar da bututun iska ya wuce tsayin rufi, ya ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda da sauro.

Ginin tankin kansa aikin haƙuri ne: daɓen kankare a gindi, bulo mai inci tara a cika cikinsa, shafe mai ƙarfi, kwano ɗaya na siminti a kan uku na yashi, a zagaye kusurwoyi don nan ne tsaga ke farawa. Murfi da rodi, da ƙofa a kan kowane ɗaki daidai saman bututun nan mai baki uku. Kafin ya karɓi cikon kuɗinsa, sai ya cika tankin da ruwa, ya bar bango ya sha, ya ƙara, ya yi alama, ya dawo washegari. In ruwan ya sauka, aiki bai ƙare ba. Ruwan kuma ba ya kwashe shi, da shi tankin zai fara aiki.

Kula da shi ba wuya, yawanci hani ne. Leda, ƙunzugun yara na zamani, audugar mata da tsumma ba sa ruɓewa. Man girki yana daskarewa ya ƙara kaurin ɓawo. Kalanzir da baƙin mai da ake zubawa wai don kashe wari, da yawan Izal da bilic, suna kashe bakteriyar da ke aiki cikin tankin ne, sai laka ta riƙa taruwa ba mai cin ta. Ruwan indararo kada ya shiga, don ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai dama tankin ya kwashi laka zuwa sokawe. A gidan da ake yawan wanki, gwani kan ware wa ruwan wanka da wanki nasu kwatamin dabam. Mota da tarakta ba sa hawa kan murfi. Darbejiya, mangwaro, ceɗiya da durumi suna jin ƙanshin danshi daga nesa, saiwarsu ta shiga ta mahaɗar bututu tana siririya ta yi gammo a ciki.

Sau ɗaya a shekara ana buɗe ƙofa a zura doguwar gora da aka naɗe wa farin ƙyalle har gindi. In aka zaro, baƙin da ya kama ƙyallen shi ne kaurin laka. Idan ya doshi rabin zurfin ruwan, lokacin yasa ya yi. A yawancin gidaje hakan kan zo tsakanin shekara biyu zuwa biyar. Inda motar zuƙa ke iya shiga, ita ce ta fi. Inda ba hanya, sai masu yasa da hannu, waɗanda a Kano ake wa laƙabi da gidan kowa da akwai, masu aikin dare da bokiti da igiya da duro, da jama'a ke kauda kai in sun wuce alhali ba gidan da zai zaunu ba su. Tsofaffinsu sun san abin da ya kamata kowa ya sani. Iskar da ke cikin tanki tana kisa. Akwai mai kama wuta, shi ya sa ba a leƙawa da ashana ko taba. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iska nauyi take kwanciya a ƙasa, kuma in ta yi yawa sai ta kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta tafi. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum: ɗaya ya shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu. Masani yana buɗe duka ƙofofi ya bar su su sha iska, yana aiki daga sama, kuma ba ya barin kowa ya sauka ba igiya a ƙugu da mutane riƙe da ita. Ba ya kuma wanke tanki tas. Yakan bar 'yar laka a gindi ta zama iri. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin darajar abin da aka yaso a matsayin taki, amma ɗanyensa yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki mai taurin rai, sai an binne shi ko an bar shi ya bushe shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya kusanci gonar kayan miya.

Ranar da masai ya ƙi wucewa, maigida abu ɗaya yake cewa: sokawe ya cika, a kira mota. Gwani ba ya gaggawa. Cembar da ta fi kusa da tanki yake fara buɗewa. Idan babu komai a cikinta, toshewar tana baya, tsakaninta da banɗaki, sandar zura bututu za ta gama aikin cikin rabin sa'a. Idan ta cika, sai ya buɗe tanki, kuma a nan ne ake gane wanda ya san aiki. Lafiyayyen tanki kullum cike yake, ruwansa yana tsaye daidai leɓen mafita, saboda haka ganin ruwa ba dalilin yasa ba ne. Idan ruwan ya haura mafita, matsalar tana gaba: ko bututun fita ya toshe, ko sokawe ya daina sha. Idan kuwa ruwan yana ƙasa da mafita alhali ana amfani da gidan, wannan ne labari mafi muni duk da cewa ba wanda ya yi kuka da shi, domin tankin ya tsage yana zuba ɗanyar ƙazanta a ƙasa. Yana kuma haska ƙarƙashin murfi da tocila, saboda iskar nan mai warin ƙwai tana zama ruwan asid a jikin danshin kankare, ta ci shi har rodi ya fito ya yi tsatsa. Murfin da ya fara zubar da gari daga ciki ana sauya shi ne kafin ya rufta da wani.

Sokawen da ya daina sha yana nuna kansa: ƙasa mai laushi a kewaye, ciyawa kore shar a tsakiyar rani, wari bayan magariba. Wani baƙin yauƙi ne ya liƙe bangonsa. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, yana cikin masu tacewa, amma in laka da maiƙo suka riƙa tsallakowa sai ya yi kauri ya rufe ƙasar. Yasa sokawen da mota hutun 'yan makonni kawai yake sayowa. Gwani yana fara gyara abin da ya jawo, ya mayar da bututun mafita, a yashe tanki, sannan ya haƙa sabon sokawe a filin da tun ranar farko ya ce wa maigida kada a gina komai a kai. Tsohon kuma ba ya cike shi. Yana gina 'yar cemba mai hanya biyu, ya toshe ta tsohon, ya buɗe ta sabon. Bayan shekara ɗaya ko fiye, yauƙin ya bushe ya ruɓe, ƙasar ta sake buɗewa, sai a riƙa juya ruwan tsakanin ramukan biyu, wannan yana aiki wancan yana hutawa.